Kafin a ɗauki aiki, a yanke magana, a rubuta

Wannan jawabi an shirya shi domin cibiyoyin yaƙi da jahilci. Malamin cibiya ya karanta shi a hankali, sannan ɗalibai su karanta da kansu.



Kaka ta wuce. An yanke hatsi, an ɗaure dammuna, an zuba a rumbu. Wake da gujiya sun shiga gida. Yanzu a kowane gari hirar samari guda ce: wa zai tafi, ina za shi, wa ke da kuɗin mota. Wasu za su Maraɗi ko Damagaram, wasu Yamai, wasu Agadas. Wasu za su tsallaka iyaka, su nufi Kano ko Ikko, Abijan ko Kumasi. Ci-rani tsohon abu ne. Kakanni sun yi shi, iyaye sun yi shi. Wanda rumbunsa ba zai kai shi damana ba, babu mai ce masa ya zauna. Maganar yau guda ce: yadda mutum zai yi aikin wata biyar ko shida, ya komo gida da kuɗin guminsa cikakku.

Aiki ana samun sa, ko da mai wuya ne. Inda ake kuka shi ne ranar biya. Ma'aikaci ya ce kaza aka yi da shi, uban gida ya ce a'a, kaza ne. Babu shaida, babu takarda. Baƙo ne a garin, ga damana ta matso, ga mota tana jira a tasha. Sai ya karɓi abin da aka miƙa masa, ya ce Allah ya isa, ya kama hanya.

Irin aikin da ake samu

Aikin ɗan ci-rani iri uku ne. Akwai aikin yini, kamar na lebura wajen gini, ko barema a gonar albasa a Galmi, ko sauke kaya a tasha. Ana yi, rana ta faɗi, a biya. Akwai jinga: a nuna wa mutum aiki, a yanke kuɗinsa gaba ɗaya, ko ya gama cikin kwana biyu ko cikin kwana goma. Bugun tubali, haƙar rijiya, yaɓen ɗaki, duk da jinga ake yin su. Sai aikin wata, kamar gadi, aikin gida, tsaron shago, kiwon bisashen wani attajiri, ko aikin kamfani.

Aikin yini ya fi sauƙin lissafi. In an cuci mutum, na yini guda ne, gobe ba ya komawa. Jinga kuwa tana son ido. Mai bugun tubali ya tambaya: wa zai kawo ruwa? Tubalin da ya tsage kafin ya bushe, asarar wa ce? Mai haƙa ya tambaya: gaba nawa za a yi? In an tarar da dutse fa, jingar tana nan ko za a ƙara? Wanda ya karɓi jinga bai ga wurin aikin ba, ya yi cinikin biri a sama.

Aikin wata shi ne mai haɗari, don ma'aikaci yana ba da ƙarfinsa bashi kwana 30 kafin ya ga ko dala. Shi ya sa mafi yawan wannan jawabi a kansa zai tsaya.

Kunyar tambaya

Ɗan ƙauye yana da tarbiyya. An koya masa ba a ja da babba, ba a ƙidaya kuɗi gaban wanda ya ba ka. Wannan hali ne mai kyau a gida. A wajen biɗar aiki kuwa, da shi ake kama mutane. Uban gida ya ce: "Fara dai, ai ba za mu ɓata ba." Saurayi ya sunkuyar da kai, ya ce: "To, Alhaji, duk abin da ka ba ni." Daga wannan kalma an gama da shi. Ƙarshen wata duk abin da aka ba shi, shi ya ce.

Mutumin da ya kai rago kasuwa ba ya cewa mai saye ya tafi da shi, ya kawo duk abin da ya ga dama. Ana tayawa, ana albarka, har a daidaita, a sallama. Ƙarfin mutum bai kasa rago daraja ba. Tambaya cikin ladabi ba raini ba ce, kuma uban gida na kirki ba ya jin haushinta. Wanda ya husata don an tambaye shi albashi, ya riga ya nuna halinsa tun ranar farko. Gara a gode masa, a yi gaba.

Abin da za a tambaya ba shi da yawa. Wane aiki ne takamaimai? Don sau da yawa ana ɗaukar mutum gadi, sai ya wayi gari shi ne mai wankin mota, mai ba tumaki ruwa, mai kai yara lakkol, kuɗin kuwa na gadi ne kaɗai. Ƙarfe nawa ake farawa, ƙarfe nawa ake tashi? Jikka nawa a wata, kuma wace rana ake biya? Abinci da wurin kwana a kan wa suke? In ana ba da su, kyauta ne ko za a cire daga albashi? In ma'aikaci ya yi ciwo ko ya ji rauni a bakin aiki, wa zai kai shi likita? In kaya suka ɓace ko suka lalace, yaya za a yi? A yi wannan magana gaban mutum biyu, ɗaya daga wajen ma'aikaci. Mai masauki, ko wani dattijo ɗan garinsu da ya daɗe a birnin, shi ya fi dacewa.

Baki da dala, takarda da tamma

A nan ne karatun cibiya ke shigowa. Baki yana ƙidaya da dala, takarda kuwa da tamma take ƙidaya. Dala guda tamma 5 ce. Harafin F da ake gani bayan lamba, tamma yake nufi. Jikka guda dala 200 ce, a takarda ana rubuta ta 1.000 F. Kowa ya fiddo takardar kuɗi daga aljihu ya duba: ta dala ɗari an rubuta mata 500, ta jikka biyu 2000, ta jikka biyar 5000, ta jikka goma 10000.

Mutumin birni da ya saba da lissafin takarda yana iya cewa "dubu goma sha biyar". Shi jikka 15 yake nufi. In mai sauraro ya ɗauka dala ake ƙidaya, zai sa rai da jikka 75. Ƙarshen wata sai rigima, alhali wataƙila babu wanda ya yi niyyar cuta. Saboda haka a riƙa tambaya da kalma guda: jikka nawa?

A kuma lura da sifili. 15.000 F jikka 15 ne. 1.500 F jikka guda ce da rabi. Sifili guda ya raba su. Wanda zai sa hannu ko ya dangwala yatsa a takardar biya, ya ƙidaya lambobin da idonsa tukuna. In ba a rubuta komi ba a gurbin kuɗi, kada ya sa hannu. Takardar da aka sa wa hannu babu lamba, daga baya kowace lamba ana iya cika ta.

Kaye da bik

Ɗan ci-rani ba ya manta bargo da tocila. To, ya haɗa da ƙaramin kaye da bik guda. Kuɗinsu bai kai na shayin kwana biyu ba.

A shafin farko a rubuta maganar da aka yanke. Ba sai da Faransanci ba. Hausar da aka koya a cibiya ta isa, ajami ma ya isa. Tun watan Maris na 2025 ma, dokar ƙasa ta sa Hausa ta zama harshen ƙasa a Nijar. Ga misalin yadda ake rubutawa:

"Yau rana kaza ga wata kaza. Ni Wane ɗan Wane na ɗauki Wane ɗan Wane, mutumin gari kaza, aikin gadin shago. Zai fara da ƙarfe 8 na dare, ya tashi da ƙarfe 6 na safe. Albashinsa jikka 45 a wata, wato 45.000 F. Za a biya shi ranar 5 ga kowane wata. Abincin dare a kaina yake. Shaidu su ne Wane da Wane."

Uban gida ya sa hannu, ma'aikaci ya sa, shaidu su sa. In uban gida ya ƙi, ma'aikaci ya rubuta duk da haka, ya karanta gaban shaidu. Mai salula mai ɗaukar hoto ya ɗauki shafin, ya tura wa wani nasa a gida, don kaye yana iya ɓacewa ko ruwa ya jiƙa shi.

Wani zai ce rubutu tsakanin Musulmi da Musulmi rashin yarda ne. Ya tambayi liman. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take da kafa shaidu. Albashin da ba a biya ba tukuna bashi ne a wuyan uban gida.

Sauran shafuna na lissafi ne. Kowace rana aka yi aiki, a ja layi guda. Duk abin da aka karɓa a tsakiyar wata, ko dala ɗari ce ta sabulu, a rubuta ranar da adadin. Waɗannan ƙananan kuɗi su ke cinye albashi. Mutum ya karɓi dala 100 yau, dala 200 jibi, shi ya manta, uban gida bai manta ba. Wani uban gidan ma yakan tuna har da abin da bai bayar ba.

Ajiya wajen uban gida

Akwai wata al'ada da ta kamata a daɗe a kanta. Ma'aikaci yana tsoron ya kashe kuɗinsa a birni, ko a sace a ɗakin da mutum goma ke kwana. Sai ya ce da uban gida: "Ka riƙe mini, sai zan koma gida in karɓa gaba ɗaya." Niyyar mai kyau ce. Akwai kuma iyayen gida masu amana da ke cika alkawari har su ƙara da kuɗin mota. Amma a duba abin da kyau. Jikka 30 ta wata guda, mai shago yana iya fidda ta daga cinikin yini. Jikka 180 ta wata shida kuwa, ko mai gaskiya ne sai ya yi ta kame-kame. Kasuwa tana iya karyewa. Mutum yana iya mutuwa, magada su ce ba su san zancen ba. Ga kuma wanda ya san ma'aikaci ba zai iya tafiya ba muddin kuɗinsa na hannunsa, sai ya riƙa ja masa rai: gobe, jibi, bayan kasuwa. Ana haka ruwan shuka ya sauka a gida, gona tana kwance.

Akwai kuma ranar da ba a zaɓa ba. A watan Nuwamba na 1969 gwamnatin Gana ta ba baƙin da ba su da takardu mako biyu su fita daga ƙasar. A watan Janairu na 1983 gwamnatin Najeriya ta yi irin haka, mutane fiye da miliyan guda suka fita, cikinsu har da ƴan Nijar masu yawa. Dattawan da suka ga wannan suna nan da rai a garuruwa, a tambaye su abin da aka baro. Abin bai ƙare ba. A shekarar 2024 kaɗai, mutum fiye da 30.000, ƴan Nijar da ƴan wasu ƙasashe, aka koro daga Aljeriya zuwa Asamaka. Wanda aka kama a bakin gini ba a ba shi lokacin zuwa karɓar ajiya.

Saboda haka a karɓi albashi kowane wata. Yau aika kuɗi gida ba wuya. Akwai Nita, akwai Al Izza, akwai Amana, da rassansu a birane da manyan kasuwanni. A aika wa mutum guda amintacce, ya sayi hatsi tun yana da araha, ko ɗan akuya. A adana rasit cikin kaye. In dole sai an bar ajiya, to kowane ƙarshen wata a rubuta jimlar da ta taru, uban gida ya sa hannu a gefenta.

Mai zuwa Najeriya ya ƙara da wani lissafi. Tun shekarar 2023 naira ta faɗi ƙwarai. A watan Yuli na 2024 an sa mafi ƙarancin albashi a can naira 70.000. Lambar tana da girma a kunne, amma a canjin lokacin ba ta kai jikka 30 ba. Kafin mutum ya yi murna da yawan naira, ya tambayi ƴan canji nawa take a sefa ranar nan.

Takardun mutum

Mai fita biɗa ya riƙe katin ɗan ƙasa. Ana yin sa a komisariya, kuma sai da takardar haihuwa. Wanda ba a yi wa takardar haihuwa ba tun yana jariri, ya je ma'aikatar magajin gari a nuna masa hanyar samun ta wajen alƙali. A fara wannan tun kafin ranar tafiya, don ba a yini guda ake gamawa ba. Mai tsallaka iyaka ya haɗa da katin rigakafin shawara. Ya kuma sani Nijar ta fita daga ƙungiyar CEDEAO a watan Janairu na 2025. Kada ya dogara da labarin wanda ya yi tafiya shekara biyar da suka wuce. Ya tambayi hukuma takardun da ake biɗa yanzu a kan hanyar da zai bi.

Katin mutum a aljihunsa yake kwana. In uban gida yana son shaida, a ba shi hoton katin, wanda ake bugawa a inji. Duk wanda ya ce sai ya riƙe katin ma'aikaci ko fasfonsa, igiya yake son ɗaura masa.

Aikin kamfani da abin da doka ta ce

Wanda ya iya karatu da lissafi, ko yake da sana'a a hannu kamar gini, walda, tuƙi ko gyaran babur, yana iya biɗar aikin kamfani. Akwai ma'aikatar gwamnati da ke haɗa masu biɗar aiki da masu ɗauka. A allon ƙofarta an rubuta ANPE, tana da rassa a manyan biranen jahohi. Mutum ya je da kansa, da takardunsa, a rubuta sunansa da sana'arsa. Rubuta suna ba samun aiki ba ne, masu jira suna da yawa. Amma ta ƙofa ake shiga.

A yi hattara da masu sayar da aiki. Wani zai zo da tufafi masu tsabta da jaka a hannu, ko ya kira ta salula. Ya ce ana ɗaukar ma'aikata a matatar mai ta Damagaram, ko a rijiyoyin man Agadem, ko a wata ƙasar Larabawa, a kawo jikka 50 ya sa suna. Har a sayar da tunkiyar uwa a ba shi. Daga ranar lambarsa ba ta shiga. Kamfanin da ke son ma'aikaci shi ke biyan ma'aikaci.

Dokar ƙodago ta Nijar, wadda aka sa wa hannu a watan Satumba na 2012, ta tsara abubuwa da ya kamata kowa ya sani. Aikin mako awa 40 ne a wuraren da ba na noma ba, abin da ya ɗara haka ana biyan sa dabam. Kowane mako akwai hutun yini guda. Kowane watan aiki yana ba ma'aikaci hutun kwana biyu da rabi da albashinsa, wato kwana 30 a shekara. Mace mai ciki tana da hutun haihuwa na mako 14. Mafi ƙarancin albashi kuwa, daga 2012 yana 30.047 F, daga baya aka ɗaga shi zuwa 42.000 F, wato jikka 42.

A faɗi gaskiya: masu gadi da ƴan aikin gida da yaran shago da yawa ba su samun wannan jikka 42. Masu biɗa sun fi aikin yawa, mai yunwa kuwa ba ya dogon ciniki. Duk da haka sanin lambar yana da amfani. Wanda ya san farashin kasuwa, ko ya sayar da araha, ya san nawa ya bari.

Ma'aikacin kamfani ya biɗi abu biyu. Na farko takardar albashi ta kowane wata. Na biyu lambarsa ta asusun ma'aikata, wanda ake kira CNSS. A cikin kowace jikka ta albashi ana cire dala 10 da rabi a zuba a asusun, kamfani kuma ya zuba fiye da ninki uku na wannan. Mai albashin 42.000 F, za a cire masa 2.205 F. Daga asusun ake biyan kuɗin iyali, da kuɗin wanda ya ji rauni a bakin aiki, da fansho in mutum ya kai shekara 60 kuma ya cika shekarun zubi. In ana cirewa a takarda amma ma'aikaci bai taɓa ganin lambarsa ba, ya je reshen asusun ya tambaya ko sunansa yana can.

Ya kuma san wanda ya ɗauke shi. A manyan wuraren aiki mutum biyu suna iya tura baro guda, ɗaya ma'aikacin kamfani, ɗaya na ɗan kwangila. Ranar rabuwa ake gane bambancin. Da aka rufe mahaƙar uraniyom ta COMINAK a Akokan, ranar 31 ga Maris na 2021, ma'aikatan da kamfanin ya ɗauka da kansa sun samu kuɗin sallama. Ɗaruruwan da suka shigo ta hannun ƴan kwangila ba su samu irin wannan ba. Sunan da ke saman takardar albashi, shi ne uban gidan mutum a gaban doka.

Ranar barin aiki a karɓi takardar shaidar aiki. Doka ta wajabta wa mai ɗauka ya ba da ita. Tana nuna ranar farawa, ranar tashi da irin aikin. Da ita ake biɗar aiki na gaba.

In magana ta ɓaci

Wanda aka hana wa hakkinsa, kada ya ɗauki sanda, kada kuma ya ɗauki kayan uban gida ya ce ya biya kansa. Yin haka yana mai da mai gaskiya ɓarawo, a bar zancen albashi a koma zancen sata. Ya fara da shaidunsa da mai masauki. In ba a daidaita ba, akwai ma'aikatar sufeton ƙodago. A allonta an rubuta Inspection du Travail. Sufeto yana kiran ɓangarorin biyu ya yi sulhu. In sulhu ya ƙi, magana ta wuce kotun ƙodago. Abin da za a fara tambaya shi ne: yaushe ka fara, nawa aka yanke, nawa ka karɓa, wa ya sani? Mai kaye yana buɗe shafi ya nuna. Kuma a je da wuri, tun shaidu ba su watse ba.

Wuraren zinariya

A ramukan zinariya ba albashi ake yi ba, rabo ne. Mai rami yana ciyar da masu haƙa, in an samu a raba. A yanke tun farko: kashi nawa ne na mai rami, kashi nawa na masu haƙa? Abinci da ruwa da kuɗin inji, kafin rabo ake cire su ko daga kason wa? A wurin awo ma'aikaci ya tsaya da idonsa. Ya kuma tuna wuri yana iya rufuwa dare guda: Jado da aka gano a 2014, hukuma ta rufe shi a 2017. Ramin ma ba ya da tabbas. A watan Nuwamba na 2021 rami ya rufta a yankin Ɗan Isa, cikin jahar Maraɗi, mutum 18 ko fiye suka rasu.

Ɗiya mata da ƙananan yara

Doka ta hana a ɗauki yaron da bai kai shekara 14 ba aiki. Duk da haka kowace rani ana ganin wata mata ta zo gari ta kwashi ƴan mata zuwa aikin gida a birni. Ita ke karɓar kuɗin, ita kaɗai ta san gidajen. Uban da zai ba da ɗiyarsa, in ta kai shekarun aiki, ya san sunan mai gidan, unguwar da lambar salula. Ya san jikka nawa ne, kuma a hannun wa za su shiga. Ya ji muryar ɗiyarsa da kunnensa a kai a kai, ba saƙon gaisuwa ta bakin wani ba. Yarinyar da ke lakkol kuwa a bar ta ta gama. Mutanen Kance ba su manta watan Oktoba na 2013 ba, lokacin da mutum 92 suka mutu da ƙishirwa tsakanin Arlit da iyakar Aljeriya bayan motocinsu sun lalace. Mafi yawansu mata ne da yara.

Aikin allo

Bayan karatu, malamin cibiya ya rubuta wannan a allo, kowane ɗalibi ya yi lissafin a kayensa.

An ɗauki wani saurayi aikin shago a kan 35.000 F a wata. Ya yi wata 5. A wata na farko ya karɓi 10.000 F. A wata na uku ya karɓi 25.000 F ya aika gida. Sau 8 yana karɓar dala 100 ta sabulu da aski. Jikka nawa ne albashinsa na wata 5? Jikka nawa ya riga ya karɓa? Jikka nawa suka rage masa wajen uban gida?

Wanda ya gama, ya juya shafi ya rubuta takardar ɗaukar aiki irin ta sama, da sunansa da sunan garinsu. Ɗalibai biyu su sa masa hannu a matsayin shaidu.